A Miya Ake Sa Shi?

Ranar da na fara shigowa da fulawa gidan nan, Malam yana zaune a bakin zaure da 'yar rediyonsa. Ya bi mai Keke Napep da ido yana sauke tukwane huɗu, ya jira har na sallame shi, sannan ya rage muryar rediyon ya ce, "Hajiya, wannan kuma a miya ake sa shi?" Na ce ba a sa shi. Ya ce, "To magani ne?" Na ce a'a, kallo ake yi. Ya gyaɗa kai irin na wanda aka ba labarin da ya fi ƙarfinsa, ya ƙaro murya.

A ƙarshen 2014 ke nan, 'yan watanni bayan na ajiye aiki, na cika shekara 35 ina koyarwa a firamare a nan Zariya. Wanda bai yi ritaya ba bai san irin shirun da ke sauka a gida da ƙarfe takwas na safe ba. 'Ya'ya duk sun kama gabansu, jiki kuwa ya saba da sammako. In idar da asuba, in share tsakar gidan da ba ta yi datti ba, in zauna ina jin 'yan makaranta suna wucewa ta bayan katanga. Tambayar Malam ba ta ɓata mini rai ba, don ni ma a kanta na tashi. A gidan da aka haife ni, duk abin da aka shuka a bayan ɗaki yana da aikinsa: zogale na kwaɗo, kuɓewa da yakuwa na miya, lalle na ƙunshi, ɗaɗɗoya ta girki da mura. Fulawa kuwa ta gidajen GRA ce da harabar jami'a. Ko sunan ma ba mu raba shi da na garin cincin ba. Ranar da na fara ce wa jikana ya je ya zuba wa fulawa ruwa, hanyar kicin ya nufa.

Tukwanen nan huɗu daga Jos na taho da su, na je bikin 'yar ƙawata. Wardi ne, wanda masu sayarwa ke kira ros, biyu ja, ɗaya fari, ɗaya ruwan ƙwai. A bakin titi na gan su, kowane fure kamar an ɗinka shi da hannu, sai kwaɗayi ya kama ni. Ban tsaya na tuna cewa Jos a kan tudu take ba, sama da mita 1,200, mu kuwa da kaɗan muka wuce rabin hakan. Hunturun shekarar ya rufa mini asiri, suka yi ta fure har Janairu, ina ta kiran maƙwabta su zo su gani. Da Maris ya shigo, ganye ya fara ƙonewa daga baki-baki. Kafin Afrilu ya ƙare uku sun zama ƙirare. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tun daga nan na daina ƙirga shekarar lambuna daga damina kamar yadda manomi yake yi. Da damina ko sanda ka kafa tana iya yin ganye. Ni daga bazara nake fara lissafi, don ita ce jarrabawa, kuma ba ta karɓar uzuri. Duk fulawar da ta ba ni sha'awa yanzu, tambaya ɗaya nake yi wa mai ita: ta taɓa ƙetare Afrilu a garin nan?

Daga ƙarshen Fabrairu hazo yake ɗaukewa, rana ta fito ba mayafi. A Afrilu zafi yakan doshi 40 a ma'auni. Rijiyarmu takan ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, wani lokacin da rana laka kawai take bayarwa, sai an bar ta ta kwana ta taru. Famfo kuwa kada ma a yi zancensa. Sai 'yan garuwa, su ma a lokacin ne kuɗin jarka yake tashi, ga shi da fansho ake saye. Don haka na yanke wa lambun kasonsa: jarka biyu a rana, irin mai lita 25 ɗin nan, ba ƙari. Saura a cikin gida nake tsintar shi. Na ajiye babbar roba a inda muke alwala ni da Malam, salloli biyar, kafin a kwanta an samu kusan bokiti. Ruwan wankin shinkafa, na wankin alayyaho, na ɗaurayar kofuna, duk ba ya bin rariya. Wanda ban yarda da shi ba shi ne mai omo, mai gishiri, da mai maiƙo. Na taɓa gwada ruwan wanki a kan wata iksora, ƙasar ta yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa kanwa, shukar ta yi ta rama har ta tafi.

Ba da ruwan kansa sai da na koya. Da farko yayyafi nake yi wa kowa safe da yamma, kamar mai raba alewa a aji, don kada wani ya ce an ware shi. Ashe cuta ce. Ruwan da bai wuce saman ƙasa ba shi ke jawo saiwa ta taso nemansa, rana ta zo ta dafa ta. Gwamma a ba shuka ta sha ta ƙoshi sau ɗaya, a ƙyale ta kwana biyu, saiwar ta bi danshi can ƙasa. Kuma da sassafe, ko da la'asar sakaliya. Azumin 2022 da ya cinye Afrilu kusan gaba ɗaya, daga kan sallayar asuba nake wucewa wurinsu da tocila, don na san in rana ta take ko buta ba zan iya ɗagawa ba.

Dabarar da ta fi yi mini rana wata tsohuwa mai sayar da tukwane ce ta ba ni ita a kasuwa, kyauta. Ta ga ina ta ƙwanƙwasa kasake ina zaɓe, ta tambaye ni me zan yi da su, na gaya mata. Ta ce, "Yarinya, ai tulu za ki saya." Na haura sittin a lokacin, amma na karɓi sunan. Ta ce in binne sabon tulu har wuya kusa da gindin shukar, in cika shi da ruwa, in rufe bakinsa saboda sauro. Kowa ya san tulu yana tsatstsafo, shi ya sa ruwansa ke sanyi. To a cikin ƙasa wannan tsatstsafon shi shukar take sha, a hankali, dare da rana, rana kuwa ba ta samun nata kason. Na binne uku, sai in yi kwana uku ko huɗu ban ƙara musu ba. Bayan shekara biyu ɗaya ya tsage, na sa aka tono shi. Da aka ɗago shi sai ga saiwoyi sirara, farare, sun naɗe shi tun daga gindi har wuya, sun saƙa masa riga kamar ragayar da ake rataye ƙwarya. Sai da aka sa wuƙa kafin ya rabu da su. Na kira Malam ya zo ya gani, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ikon Allah," ya koma.

Baƙaƙen robobin da ake sayar da fulawa a ciki su ma na daina barin shuka a cikinsu. Taɓa jikinsu da azahar ka ji, kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Tukunyar ƙasa ce ke raya saiwa. In bazara ta kama, duk nakan sa a kwashe tukwanen daga kan siminti a kai su gindin mangwaro da jikin katangar da inuwa ke rufewa da yamma. A saman ƙasar nakan zuba buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa don ya riƙe danshi. Sai dai kowace dabara da kishiyarta: gara ta fi shukar son wannan shimfiɗar. Wata safiya na taɓa wata haibiskos da ta shekara uku a wurina, kawai sai ta kwanta, cikin itacen duk ƙasa. Yanzu ba na bari buntun ya taɓa jikin shuka, nakan bar tazarar yatsu huɗu in zagaye da toka. Toka ba ta kashe gara, tana dai rage mata karsashi.

Duk da haka jarka biyu ba ta isar kowa, kowace bazara sai na zauna na yanke hukuncin da ba na so: wa za a raya, wa za a bari. Ziniya da marigol da ire-irensu, masu kwanan damina ɗaya, ba na wahalar da kaina a kansu, irinsu yana cikin kwalba. Masu itace su ake tattali, don shekaru aka zuba a jikinsu.

Ana cikin wannan ƙuncin ne ƙariya take yin sallarta. Masu sayar da fulawa sun raɗa mata sunan Turanci suna tsuga mata kuɗi, amma ina ganinta na gane ta. Ita ce ke tsaye a bayan ɗakin kakata a ƙauye, ba mai ba ta ruwa, ba mai waiwayarta. 'Yar ƙasar nan ce. Gindinta ƙato kamar tulu, a nan take ajiye ruwanta. Ganye zai zube, rassa su tsaya tsirara kamar ta mutu, sai kawai ta ɓarke da fure ruwan hoda mai jan baki, a daidai lokacin da kowa yake neman inuwa. Kakata takan ce ƙariya ana ganin furenta ba a ganin 'ya'yanta. Ni kam na ga tawa ta yi 'ya'ya sau biyu, dogaye tagwaye kamar ƙahon akuya, da suka fashe iri mai gashi ya bi iska. Ruwan jikinta dafi ne, har a kan kibiya maharban da suke sa shi, shi ya sa na kai ta lungun da jikoki ba sa wasa, in na yanke ta kuma sai na wanke hannu da sabulu. Ta farkon da na samu ni na kashe ta da hannuna, kuma da alheri na kashe ta. Na yi ta ɗura mata ruwa da taki, gindin ya ruɓe ya yi laushi kamar nunanniyar gwanda. Ta yanzu rabin ƙasarta yashi ne, in marka ta sauka kuma ƙarƙashin rumfa take komawa.

Wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu hadari zai fara haɗowa daga gabas. Kafin ruwa iska ce ke isowa, mai ƙura da ledoji, wadda ke yaye kwanon rufi. Ita ta taɓa kwaso mini bugenbiliya daga kan katanga gaba ɗayanta ta zube ta a tsakar gida, muka kwana biyu muna fama da ƙaya. Tun daga lokacin kafin hadarin farko nake sa a yi mata aski, a ɗaure manyan rassan da waya. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka takin ma tun kaka nake tara shi a rami a bayan gida, kashin awaki da na shanu da busasshen ganyen mangwaro, ana ɗan yayyafa masa ruwa ana juyawa, kafin Mayu ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, ya ƙone mini shuka fiye da yadda rana ta ƙone. Haɗina kwano biyu na ƙasa, ɗaya na taki, ɗaya na yashi, don ƙasar gidanmu ja ce mai danƙo, in ta bushe sai da dagi. Takin zamani kuwa, NPK, cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi babbar tukunya, kuma a can gefe, ba a gindi ba.

Ruwan farko mayaudari ne. Ƙamshin ƙasar nan yana hawa kan mutum, shinge ya cika gindin fitila, kowa ya ce damina ta faɗi. Shekara biyu a jere ina zuba irina duka a ruwan farko, ya tsiro gwanin sha'awa, sama ta ɗauke kwana goma sha wani abu, rana ta soye shi. Manoman Zazzau sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa za ka ji suna cewa a bari ruwa ya zauna. Yanzu a ledar fiya-wata nake renon iri a inuwa, in huda gindinta, sai farkon Yuni in dasa. Wadda ba ta jiran kowa ita ce albasar kwaɗi. Wata shida tana ƙarƙashin ƙasa har in manta inda take, ruwa biyu za a yi sai ga kara ya ɓullo ɗauke da manyan furanni farare masu jan zane a tsakiya. Almajirin da ke taya ni aiki da ya ga ina lallaɓa ta, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Mama, wannan ai a garinmu a bakin fadama take, ko akuya ba ta kula ta."

In ruwa ya zauna, matsalar ta juye ta koma ta yawa. Masu auna ruwan sama a Samaru, inda ake binciken noma tun 1922, suna samun wajen milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba. Lokacin dashe ke nan. Reshe mai tsawon fensir, a yanke shi a karkace, a zage ganyen ƙasa, a soka shi a ƙasa mai yashi a inuwa: lalle, haibiskos, bugenbiliya, duk haka na yawaita su ba tare da ko sisi ba. Lokacin ne kuma matan unguwa suke sallama, "Hajiya, a san mini iri." Waɗanda suka yi mini dariya a 2014 da yawansu yanzu akwai gwangwanin fenti a ƙofar ɗakinsu da wani abu yana fure a ciki. Ziniya takan kai ƙugu, malam-buɗe-littafi ya yi ta shawagi a kanta. Akwai wata 'yar gajeriya mai yaɗo da nake kira 'yar ƙarfe goma, don ba ta buɗe ido sai hantsi ya dubi ludayi, kafin la'asar kuma ta rufe. Da ta yi makaranta a hannuna da kullum sai ta sha bulalar latti. Ciyawa kuwa ba ta hutu. Aya-aya in ba ka tono 'yar ƙwayarta ba ka yi aikin banza, balasa kuma ko ka cire ta ka yar a gefe sai ta kafa saiwa a inda ta faɗi.

Babbar Sallar 2023 a ƙarshen Yuni ta faɗo, lambu yana kan ganiyarsa. Ana jajibere ragon layya ya tsinke igiya da tsakar dare. Da asuba na fito na same shi tsaye a tsakiyar ziniya yana tuƙa, ya aske haibiskos biyu har itace, ya fasa tukwane uku. Ban taɓa jiran a sauko daga Idi da ɗoki irin na ranar ba. Abin da ya tayar mini da hankali daga baya shi ne, taku biyar ya rage ya isa oliyanda, mai dogon ganyen nan siriri da ake yawan shukawa a tsakiyar titi. Wani maƙwabcinmu likitan dabbobi ya ce ganyenta kaɗan ya isa ya kashe dabba. Gidan da jikoki ke zuwa hutu bai dace da ita ba, a makon na sa aka tumɓuke ta. Sarauniyar dare ma ta bi ta, amma ita ba don dafi ba. Ƙamshinta da dare har maƙwabta, sai aka yi ta gaya wa Malam wai tana kiran macizai. Ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba, na kuma faɗa, amma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Abin da ya sake wa lambun kama gaba ɗaya ba rago ba ne, marka ce, shekara huɗu kafin wannan. A Agusta akan yi kwana uku rana ba ta leƙo ba, tukunyar da hudarta ta toshe sai ta zama tafki, saiwa ta ruɓe a ciki. Na fita cikin yayyafi zan karkata wasu su tsiyaye, ban lura gansakuka ta rufe simintin ba. Ƙafa ta tafi, na zauna a kan gwiwar hagu da bokiti a hannu. Ba karaya, amma sai da na yi wata biyu ina sallah a zaune, kuma har yau gwiwar tana riga rediyo sanar da ni zuwan hadari. 'Ya'yana suka taru a kaina, babban ya ce, "Umma, don Allah a kwashe tarkacen nan a huta." A lokacin tukwanena sun haura sittin.

Ban kwashe ba, amma na ji maganarsu rabi. Na raba fiye da rabi ga maƙwabta da tsofaffin ɗalibaina, na bar ashirin da 'yan kai. Na sa aka jera bulo aka ɗora katako, tukwanen suka hau daidai ƙuguna, na daina sunkuyo. Kujera 'yar tsugunno da na yi shekara da shekaru a kanta na sallame ta, don zama a kanta ba wuya, tashin ne aiki. Yanzu kujerar roba nake ja daga wannan layi zuwa wancan. Bokiti ya koma hannun almajiri, ni buta ce tawa, in cika sau goma ya fi in ɗauka sau ɗaya. An sassaƙa wa fartanya doguwar ƙota. Hanyar da nake bi an zuba mata tsakuwa. Na kuma lura tun da suka ragu na fi sanin kowace ɗaya. Da suna sittin, sai shuka ta yi mako tana ciwo ban gani ba, kamar dai ajin da aka cusa wa yara ɗari.

A watan Satumba na wata shekara jikana, wanda nake kira angona, ya dawo daga gonar kawunsa da dami a hannu, fure ruwan hoda mai ɗaukar ido. Ya miƙo mini ya ce, "Amarya, ga naki, ya fi duk na gidan nan kyau." Wuta-wuta ce. Wadda ke maƙale wa saiwar dawa da gero da masara ta tsotse su, wadda masana a Samaru suka yi shekaru suna neman irin da zai jure mata. Gaskiyarsa, ta fi nawa kyau. Na sa ta a kofi ta kwana ɗaya don kada in kunyata ango, washegari na jefa ta murhu kafin ta zubar da iri.

Kaka ba ta da dogon aiki. Ruwa zai ɗauke a Oktoba, ɗan zafin nan na agajeri ya biyo baya, fara ta shigo ta yi ɓarnarta. Ni dai in bi kan ziniya da marigol da suka bushe in karya, in murje, in shanya a faifai a inuwa, in zuba a kwalaben magani da ɗan toka, in rubuta suna da shekara a jiki, halin malanta ba ya barin mutum. A jikin katanga nakan shuka layin yakuwa tun damina, da hujjar furenta mai jan ciki, wanda ɗan'uwan na haibiskos ne. A Nuwamba in tsinke zoɓon. Ranar da na fara kai wa Malam kofinsa da sanyi na ce, "Ga amsar tambayarka, daga lambu." Ya shanye ya ce ai shi miya ya ce.

Hunturu shi ne lokacin da nake cin ribar wahalata. Da asuba sanyi yakan sauko ƙasa da 15, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, garin duk ya yi fari da hazo, sai bugenbiliya ta kama da wuta a kan katanga, ja da ruwan goro da fari, har masu wucewa suna tsayawa. Da damina ganye kawai take tarawa, sai ta ji ƙishi take fure, wanda ya cika ba ta ruwa kuwa sai ya yi ta jira. Baƙuwa ce daga Amurka ta Kudu, sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe aka sa mata, amma ta zauna da mu kamar a nan aka yanke mata cibiya. Na taɓa zaunar da jikokina na ɓare musu ɗaya kamar a aji: abin da muke kira furen, mai kama da takarda, ganye ne da ya rine. Furen na gaskiya ɗan ƙarami ne fari, a ɓoye a tsakiya. Ba su yarda ba sai da kowa ya ɓare nasa.

Sanyin yana ruɗar mutum ya ɗauka shuka ba ta jin ƙishi, alhali iskar hunturu ta fi rana saurin busar da tukunya. Nakan soka yatsa in ji, in ba danshi a gaɓa ta biyu in ba da ruwa, amma sai hantsi ya yi, don ƙasusuwana ba sa son ruwan asuba a Janairu. Ƙura takan rufe ganye har ya koma ruwan ƙasa, masu faɗin ganye da jiƙaƙƙen tsumma nake goge su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya dace da mai zama a kujera. Lokacin ne kuma darɓa da wani farin ƙwaro mai kama da auduga suke taruwa a kan tohon haibiskos. Ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace, in ɗiga ɗan ruwan sabulu, in fesa da yamma, in maimaita bayan mako. Maganin feshi na kanti ba na kawo shi inda ake shanya kayan miya.

Wardin nan guda da ya tsira daga cikin huɗun Jos yana nan. Jan ne. Ba ya kyan gani, ƙaya ta fi ganye yawa, kowace bazara sai na cire rai da shi. Amma yana da tulunsa shi kaɗai a gindin mangwaro, kuma kowace Disamba yakan ba ni fure biyar ko shida, ƙanana, ba kamar na bakin titin Jos ba. Bisa ƙa'idar da na kafa wa kaina da tuni na bar shi ya tafi. Ban bar shi ba.

Malam ya daina zama a bakin zaure da safe. Ya ce iskar can ta yi masa yawa, ya dawo da tabarmarsa jikin katangar bugenbiliya, wai nan hantsi ya fi faɗawa. Yanzu muna ƙarshen Fabrairu, hazo ya fara ɗagawa, jiya na sa an ƙara wa guga igiya, na yi magana da ɗan garuwa a kan jarka biyun bana. Ɗazu bayan azahar na hango shi ya ɗauki robar alwala da kansa, yana takawa a hankali don kada ta zube, ya nufi lungu. Na ɗaga murya na ce, "Malam, ba ita ba, ƙariya ba ta so. Kai wa wardin."